Jules Verne: Marubucin da ya kai mutane duniyar wata tun kafin a ƙera jirgin sama

A farkon shekarar 1863 wani littafi ya fito a birnin Paris na ƙasar Faransa, ɗauke da labarin wasu Turawan Birtaniya uku da suka hau ƙaton balan-balan a tsibirin Zanzibar, iska ta ratsa da su nahiyar Afirka daga gabas zuwa yamma.

A cikin labarin, matafiyan sun bi ta kusa da Yola da kogin Binuwai, sun hango Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani, ɗayansu ya yi tsalle ya faɗa Tafkin Chadi don ya rage wa balan-balan ɗin nauyi. Daga nan suka wuce ta Agadas da Timbuktu, har suka dire a bakin kogin Senegal bayan mako biyar.

Mutumin da ya rubuta labarin bai taɓa taka ko ɗaya daga waɗannan wurare ba. A lokacin ma bai taɓa hawa balan-balan ba, sai bayan shekara 10 ya hau, kuma bai yi rabin awa a sama ba. Dillalin hannun jari ne mai shekara 34, wanda ke tashi da asuba ya yi rubutu kafin ya tafi wurin aiki.

Sunansa Jules Verne, kuma wannan littafi, Five Weeks in a Balloon, wato Mako Biyar a Cikin Balan-balan, shi ne mafarin wani aiki da ya ɗauke shi fiye da shekara 40. A yau, a ƙididdigar fassara ta hukumar UNESCO, Agatha Christie ce kaɗai ta fi shi yawan littattafan da aka juya zuwa wasu harsuna. Da wuya a jera ƙagaggun labaran kimiyya da ya kamata mutum ya karanta ba a sa nasa uku ko huɗu a ciki ba.

Yaron bakin kogi

An haifi Jules Gabriel Verne ranar 8 ga Fabrairun 1828 a birnin Nantes da ke yammacin Faransa, a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar kogin Loire.

Nantes gari ne na tashar jiragen ruwa. A ƙarni na 18 babu tashar da ta kai ta safarar bayi a duk Faransa, kuma har zuwa ƙuruciyar Verne jirage na shigowa da sukari da kofi daga ƙasashe masu nisa. Yaron ya tashi yana kallon su suna sauke kaya suna lodi, shi da ƙaninsa Paul, wanda daga baya ya zama ma'aikacin jirgin ruwa.

Mahaifinsu, Pierre Verne, lauya ne mai tsananin riƙo da addinin Katolika. Mahaifiyarsu, Sophie, ta fito ne daga zuriyar masu jiragen ruwa. Jules ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar, don haka tun yana ƙarami an gama yanke masa abin da zai zama: zai karanta shari'a, ya gaji ofishin mahaifinsa.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa yana shekara 11 ya gudu ya shiga wani jirgi mai zuwa Indiya, mahaifinsa ya bi sawu ya kamo shi a tasha ta gaba. Masu bincike sun gano cewa wata 'yar danginsu da ta rubuta tarihinsa bayan mutuwarsa ce ta ƙawata labarin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne son teku ya shige shi tun yana yaro, kuma bai bar shi ba har tsufa.

Ranar da ya ce wa mahaifinsa a'a

A 1848 Verne ya tare a Paris don ƙarasa karatun lauya. Ya yi karatun, ya karɓi takardar shaidarsa a 1851, amma hankalinsa na wani wuri. Ya shiga cikin marubuta, ya saba da Alexandre Dumas da ɗansa, kuma da taimakonsu aka nuna wani gajeren wasan kwaikwayonsa a dandamali a 1850.

A 1852 mahaifinsa ya gaji da jira, ya miƙa masa ofishin na Nantes da duk masu hulɗa da shi. Aiki ne mai rufin asiri, ga gida, ga mutunci a gari. Verne ya ƙi karɓa. Ya zaɓi zama sakatare a wani gidan wasan kwaikwayo, aikin da kusan ba ya kawo komai, yana sayar da gajerun labarai ga wata mujallar iyali.

Shekarun da suka biyo baya sun yi masa tsauri. Yana fama da ciwon ciki, ga wata larura da kan shanye masa ɓarin fuska lokaci zuwa lokaci. Wasanninsa ba su yi wani tashe ba.

Sai dai a wannan tsakani ne ya kama wata ɗabi'a da ta zama jarinsa. Yakan wuni a babban ɗakin karatu na ƙasa yana bin rahotannin matafiya, da mujallun kimiyya, da taswirori, yana kwafe abin da ya ja hankalinsa a ƙananan takardu. Kafin ƙarshen rayuwarsa ya tara dubbansu, a jere bisa fanni.

A 1856 ya je bikin wani abokinsa a garin Amiens, ya haɗu da 'yar'uwar amarya, Honorine, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Suka yi aure a Janairun 1857. Mai iyali ba ya zama da alƙalami kawai, don haka mahaifinsa ya taimaka masa da jari ya shiga dillancin hannun jari. A 1861 aka haifa musu ɗa, Michel, wanda shi kaɗai Verne ya haifa.

Haɗuwa da Hetzel

A 1862 Verne ya kai rubutun labarin balan-balan ga Pierre-Jules Hetzel, mai maɗaba'ar da ta buga ayyukan manyan marubuta irin su Balzac da Victor Hugo.

Hetzel na shirin kafa wata mujalla da iyaye da yara za su karanta tare, su ƙaru kuma su nishaɗantu. Abin da yake nema shi ne marubucin da zai iya cusa ilimin ƙasa da kimiyya cikin labari ba tare da ya gundiri mai karatu ba. Da ya karanta rubutun, ya san ya samu.

Littafin ya karɓu nan take. Suka ƙulla yarjejeniya ta dogon lokaci, Verne zai riƙa kawo kundi uku a shekara, daga baya aka mayar biyu. Ya bar dillanci ya rungumi rubutu. Aka sa wa jerin littattafan suna Voyages extraordinaires, wato Tafiye-tafiye na Ban Mamaki, kuma kafin ya mutu an buga 54 a ƙarƙashin wannan suna.

Shekara 12 na farko su ne suka haifar da littattafan da har gobe ake nema.

Ƙarƙashin ƙasa, da duniyar wata

A 1864 ya fitar da Journey to the Centre of the Earth, wato Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa. Wani farfesa Bajamushe mai zafin rai, Otto Lidenbrock, ya tsinci wata tsohuwar takarda mai rubutun asiri a cikin littafi. Da aka warware ta, sai ta nuna hanyar shiga cikin ƙasa ta bakin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa a ƙasar Iceland.

Farfesan ya ja ɗan ɗan'uwansa Axel, matsoraci mai yawan ƙorafi, da wani ɗan jagora mai suna Hans wanda ba ya son magana. A can ƙasa suka yi fama da ƙishirwa da ɓacewa cikin duhu, suka tarar da teku guda, da dabbobin da ake zaton sun ƙare tun zamanin da. Daga ƙarshe wani dutsen mai aman wuta ya tofo su a Italiya. Cikin manyan littattafansa wannan ne ya fi kusa da tatsuniya, domin zafin cikin ƙasa ba zai bar ɗan'adam ya yi irin wannan tafiya ba.

Shekara guda bayan haka, a 1865, ya fito da From the Earth to the Moon, wato Daga Duniya Zuwa Wata. Wasu maƙera igwa a birnin Baltimore na Amurka sun rasa aikin yi bayan an gama yaƙin basasa, sai suka yanke shawarar zuba wata igwa mai tsawon ƙafa 900 a cikin ƙasa, su harba ƙaton harsashi zuwa wata. Daga baya mutum uku suka ce a cikinsa za su zauna.

A nan ne aka fi yi wa Verne kallon mai duba. Ya sa an harba jirgin daga jihar Florida, da mutum uku a ciki, kuma a littafi na biyu na labarin ya sa sun dawo sun faɗa tekun Pasifik. A 1969, bayan shekara 104, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida da mutum uku, ya dawo ya faɗa tekun Pasifik. Sunan igwar Verne Columbiad, sunan ɗakin da 'yan sama-jannatin suka zauna Columbia.

Amma wanda ya karanta littafin zai ga inda abin ya fito. Verne ya zaɓi Florida ne saboda lissafi ya nuna cewa a cikin ƙasar Amurka, a kudancinta kaɗai wata ke bi ta tsakiyar ka, inda igwar da aka kafa a tsaye za ta iya saita shi. Gudun da ya ba harsashin, kusan kilomita 11 a daƙiƙa guda, shi ne wanda masana suka riga suka lissafa cewa sai da shi abu zai kuɓuce wa jan duniya. Wani ɗan'uwansa malamin lissafi, Henri Garcet, shi ke duba masa alƙaluman.

Ya kuma yi kuskure babba. Duk mutumin da aka harba daga igwa da irin wannan ƙarfi, nan take zai zama nama. Duk da haka, Konstantin Tsiolkovsky na Rasha da Hermann Oberth, biyu daga cikin waɗanda suka kafa ilimin roka, sun bayyana cewa labarin Verne na cikin abin da ya fara sa su tunanin zuwa sama. Neman hanyar da za ta maye gurbin igwar ne ya kai ga roka.

Kyaftin Nemo

Littafin da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin gwaninsa shi ne Twenty Thousand Leagues Under the Seas, wanda ya fito tsakanin 1869 da 1870. Alƙaluman da ke cikin sunan nisan tafiya suke nufi, kimanin kilomita 80,000 a ƙarƙashin ruwa, wato kamar zagaya duniya sau biyu. Masu karatu da dama kan zaci zurfi ake nufi.

Labarin ya fara da jita-jitar wani dodon ruwa da ke huda jirage. Aka tura jirgin yaƙi ya farauto shi, da wani masanin halittun ruwa Bafaranshe, Farfesa Aronnax, da yaronsa Conseil, da wani maharbin kifaye ɗan Kanada, Ned Land. Su ukun suka faɗa ruwa, suka tsinci kansu a bayan dodon, sai ga shi ƙarfe ne. Jirgi ne mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai aiki da lantarki, sunansa Nautilus.

Mai jirgin ya kira kansa Nemo, kalmar Latin mai nufin ba kowa. Mutum ne mai zurfin ilimi da ɗakin karatu na littafi 12,000, wanda ya yi rantsuwa ba zai sake zama a doron ƙasa ba. Yana taimakon waɗanda ake zalunta da dukiyar da yake tsinta a ƙasan teku, yana kuma nutsar da jiragen wata ƙasa da bai ambaci sunanta ba, da mutanen cikinsu. Mai karatu zai gama littafin bai tsai da shawara ba ko gwarzo ne ko mai kisan kai.

Shi ma jirgin ba daga sama Verne ya tsinto shi ba. Sojojin ruwan Faransa sun riga sun gwada wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Plongeur, an kuma baje samfurinsa a kasuwar baje-koli ta Paris a 1867. Sunan Nautilus kuwa wani Ba'amurke, Robert Fulton, ya riga ya sa wa nasa ɗan jirgin tun 1800. Abin da Verne ya yi shi ne ya tambayi kansa yadda abin zai kasance idan aka gyara duk matsalolinsa, da kuma irin mutumin da zai mallake shi.

Kwana 80

A 1872 jaridar Le Temps ta riƙa buga Around the World in Eighty Days, wato Zagaya Duniya a Kwana 80, kashi-kashi. Babu wata na'ura ta almara a cikinsa. A 1869 an buɗe mashigin ruwa na Suez, an kuma haɗa layin dogo daga gabar Amurka ta gabas zuwa ta yamma, sannan a 1870 aka haɗa manyan layukan dogo na Indiya. Duniya ta ƙanƙance, Verne ya ga labari a ciki.

Phileas Fogg, wani Baturen Ingila da ba ya saɓa lokaci ko da minti ɗaya, ya yi caca da abokansa a kan fam 20,000 cewa zai zagaya duniya a kwana 80. Ya tafi da baransa Passepartout, wani ɗan sanda kuma na biye da su yana zaton Fogg ne ya yi wa bankin Ingila sata.

Ƙarshen labarin darasi ne na ilimin ƙasa. Mai tafiya gabas yana tarar rana, kowane digiri guda yana rage masa minti huɗu. Duniya digiri 360 ce, idan aka ninka aka tara, awa 24 ke nan cif. Fogg ya iso Landan yana zaton ya makara, ashe yana da rarar kwana guda bai sani ba.

Wasan kwaikwayon da aka yi da labarin a 1874 ya kawo wa Verne kuɗin da littattafan ba su kawo ba, har ya sayi jirgin ruwa mai inji yana yawo da shi. A 1889 wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Nellie Bly, ta ɗauki aniyar doke Fogg a zahiri. Ta tsaya a Amiens, inda Verne ya tare tun farkon shekarun 1870, ta gaishe shi, ta kuma gama zagayen a kwana 72.

Hannun mai maɗaba'a

Hetzel ne ya ɗaga Verne, shi ne kuma ya ja masa linzami. Yana karanta kowane shafi, yana sa a cire duk abin da zai ɓata wa iyaye rai ko ya rage ciniki.

Da farko Verne ya so Nemo ya zama basaraken ƙasar Poland da Rashawa suka kashe wa iyali. Hetzel ya ƙi, domin Rasha babbar kasuwar littattafansa ce. Suka yi ta ja-in-ja, ƙarshe Verne ya gwammace ya bar asalin Nemo a rufe. Sai a The Mysterious Island, wato Tsibirin Asiri, wanda aka kammala a 1875, ya bayyana shi a matsayin yarima ɗan Indiya da ya rasa iyalinsa a boren 1857 da aka yi wa mulkin mallakar Ingila.

Akwai wanda ya fi wannan. Tun a farkon hulɗarsu Verne ya kai wa Hetzel wani labari a kan birnin Paris na shekarar 1960. A cikinsa akwai motoci masu tafiya ba doki, da jiragen ƙasa a kan gadoji, da fitilun lantarki a tituna, da na'urar aika rubutu zuwa nesa. Amma birni ne da kuɗi da injina suka mamaye, inda wani matashi mai son waƙa ya rasa abin da zai ci.

Hetzel ya ce labarin ya yi duhu, ba mai saye. Verne ya ajiye shi. Sai a 1989 wani tattaɓa-kunnensa ya sa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe na gidansu, aka tarar da rubutun. An buga shi a 1994 da sunan Paris in the Twentieth Century. Ya nuna cewa tun yana matashi Verne na da shakku a kan inda ci-gaban zamani zai kai mutane.

Afirka a idonsa

Mai karatu a Yola ko Maiduguri ko Agadas da ya buɗe labarin balan-balan zai ga sunayen da ya sani, amma zai ga abin da zai ɓata masa rai.

Verne ya samo bayanan yankin ne daga rahotannin Turawan da suka zo, musamman Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya kuma je Kukawa da Yola da Sakkwato da Timbuktu. Inda ya bi taswira, yakan yi daidai gwargwado. Inda ya zo kan mutane, sai ya zuba duk ƙyamar da Turawan zamaninsa ke yi wa baƙar fata, ya nuna 'yan Afirka a matsayin jahilai masu camfi da zubar da jini, alhali shi Barth ɗin ya rubuta labarin birane masu kasuwanni da malamai da tsarin mulki.

Mutumin da ya ƙirƙiri Nemo mai yaƙi da 'yan mulkin mallaka, ya kuma la'anci cinikin bayi a littafinsa na 1878, Dick Sand, A Captain at Fifteen, shi ne dai ya rubuta waɗannan shafuka. Wanda zai karanta littafin ya karanta shi da ido biyu, a matsayin shaida kan yadda Turai ke kallon nahiyar shekaru kaɗan kafin ta raba ta.

Shekarar baƙin ciki

A waje Verne ya shahara, amma a gida bai huta ba. Ɗansa Michel ya taso da taurin kai, har a 1876 mahaifin ya kai shi wani gidan horon kangararrun yara na wata shida, daga baya ya sa shi a jirgin ruwa zuwa Indiya. Michel ya yi aure ba da son mahaifinsa ba, ya rabu da matar, ya ci bashin da uban ya riƙa biya. Sai da girma ya zo suka daidaita.

Ranar 9 ga Maris ɗin 1886, Verne na komawa gida a Amiens, sai ɗan ƙaninsa Gaston, wanda ke fama da taɓin hankali, ya harbe shi da ƙaramar bindiga. Harsashi ɗaya ya kuskure, ɗaya ya shige ƙafarsa ta hagu. Ya rayu, amma da ɗingishi har ƙarshen ransa. Gaston ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali.

Kwana takwas bayan harbin, Hetzel ya mutu. A shekara ta gaba mahaifiyarsa ta bi. Jirgin ruwansa ma ya sayar, bai sake fita yawon teku ba.

Bai ajiye alƙalami ba. A 1888 aka zaɓe shi kansila a Amiens, ya yi kimanin shekara 15 yana kula da harkokin wasanni da al'adu na garin, yana kuma ci gaba da miƙa littafi a kan kari. Sai dai labaran sun sauya launi. Masu ilimin da a da ke ceton mutane sun koma masu ƙera makamai da neman mallakar duniya, kamar yadda yake a Master of the World na 1904.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne manyan marubutan ƙasarsa sun ɗauke shi mai rubuta wa yara. Majalisar Académie française, wadda shiga cikinta ke nuna marubuci ya isa a Faransa, ba ta taɓa zaɓensa ba.

Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, idanunsa suka yi yana. Ya mutu a gidansa na Amiens ranar 24 ga Maris ɗin 1905, yana da shekara 77. Michel ya ci gaba da fitar da rubuce-rubucen da ya bari, kuma sai bayan shekaru masu yawa masu bincike suka gano cewa ya sauya su sosai. Ɗaya daga ciki, labarin wani ɓoyayyen birni a hamada ba nisa da kogin Neja, kusan dukkansa aikin ɗan ne.

Ta ina za a fara?

Wanda ya tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ba zai ji baƙunta a wurin Verne ba. Tafiya ce mai nisa, da abin mamaki a kowane zango.

Mafi sauƙin farawa shi ne Zagaya Duniya a Kwana 80. Gajere ne, da ban dariya, babi-babinsa kuma ba su da tsawo, sun dace da karatu a waya. Bayansa sai Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa, ga mai son abin al'ajabi.

Labarin Kyaftin Nemo na buƙatar haƙuri, domin akwai shafuka da ba komai cikinsu sai jerin sunayen kifaye. Wanda ya tsallake su bai yi asara ba. A karanta shi kafin Tsibirin Asiri, don kada a ɓata wa kai daɗin ƙarshen.

Shi kuwa Tsibirin Asiri, shi ya fi dacewa da matashi mai son aikin hannu. Mutum biyar ne suka tsere daga yaƙin basasar Amurka a balan-balan, suka faɗa wani tsibiri ba su da komai. Injiniyan cikinsu ya kunna wuta da gilasan agogo biyu, suka yi tubali da tukwane, suka narka ƙarfe, suka kuma yi gona daga ƙwayar alkama ɗaya tak da aka tsinta a cikin rigar wani yaro.

Duk waɗannan littattafai sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet a shafuka irin su Project Gutenberg. Sai dai a yi hattara da tsofaffin fassarorin Ingilishi, waɗanda suka yanke sassa masu yawa suka kuma rikita alƙaluma. Alama mai sauƙi ita ce, idan aka buɗe Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa aka ga sunan farfesan Hardwigg maimakon Lidenbrock, to gurɓatacciyar ce, a nemi wata. Masu jin Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi sun huta da wannan, za su iya karanta shi yadda ya rubuta.

A 2008 hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta harba wani kumbon dakon kaya zuwa tashar ƙasa da ƙasa da ke sama, ta sa masa suna Jules Verne. A cikin kayan da ya ɗauka akwai wasu takardu da rubutun hannunsa, da wani tsohon bugu na labarin mutum ukun da aka harba zuwa wata.